Makarantar Yini ta Yahudawa: Yadda Ake Raba Rana Tsakanin Talmud da Boko

A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, gidauniyar AVI CHAI ta ƙirga yaran da ke karatu a makarantun yini na Yahudawa a Amurka, ta samu 292,172 a makarantu 906. Shekaru ashirin kafin nan adadin bai kai 190,000 ba. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan yana da gurbi kyauta a makarantar gwamnati ta unguwarsu. Iyayensa suna biyan harajin da ake tafiyar da waccan makaranta da shi, sannan su sake buɗe aljihu su biya kuɗin wata daban, kuɗin da a wasu makarantun sakandare na birnin New York ya haura dala 30,000 a shekara kan ɗa guda. Ruwa ba ya tsami banza. Me suke saye da wannan kuɗi?

Makarantar yini ita ce wadda yaro ke shiga da safe ya wuni, a koya masa addini da boko ƙarƙashin rufi ɗaya. Kishiyarta ita ce makarantar yamma, inda yaro ke zuwa bayan an tashi daga boko, ko ranar Lahadi, ya yi 'yan sa'o'i a mako. Abin da ya raba su ya fi yawan sa'o'i, kuma sai an koma baya za a ga dalili.

Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malaman Yahudawa, ya jingina tsarin karatun yara ga wani babban limamin Haikalin Ƙudus mai suna Yoshuwa ben Gamla, wanda ya rayu dab da rushewar Haikalin a shekara ta 70 miladiyya. An ce shi ya umarci a naɗa malaman yara a kowane gari, a riƙa kai yaro tun yana shekara shida ko bakwai. A wannan babin dai aka ƙayyade cewa malami ɗaya yara 25 zai riƙe, idan sun kai 40 a ba shi mataimaki. Ƙarnuka bayan haka, a garuruwan Gabashin Turai, wannan tsari ya zama abin da ake kira heder: ɗaki guda a gidan malami, yara maza ƙanana suna rera baƙaƙen Ibrananci tun safe har duhu. Wanda ya yi fice sai ya wuce yeshiba, makarantar manya, inda babu abin da ake karantawa sai Talmud.

Da ilimin zamani ya iso, Yahudawa masu riƙo da addini sun ba da amsa iri biyu, kuma har yau waɗannan biyun ne ke ja-in-ja. A Frankfurt ta Jamus, Rabbi (wato malamin addinin Yahudawa) Samson Raphael Hirsch ya buɗe makaranta a 1853 wadda ta haɗa Attaura da Jamusanci da lissafi da kimiyya, bisa imanin cewa Bayahude zai iya zama cikakken mai ibada kuma cikakken ɗan ƙasa. A can gabas kuwa, yeshibar Volozhin, wadda aka kafa a 1803 a yankin da yanzu ke ƙasar Belarus, ta rufe ƙofa a 1892 bayan gwamnatin Rasha ta shimfiɗa mata sharuɗɗan da za su mayar da mafi yawan yinin na karatun boko. Shugabanninta sun ga rufewa ta fi musu sauƙi.

Tsakanin 1880 da 1924 Yahudawa kusan miliyan biyu suka yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka, akasarinsu talakawa. Makarantar gwamnati ce ta zame musu ƙofar shiga sabuwar ƙasa, suka rungume ta hannu bibbiyu. Addini aka bar wa makarantar yamma. Yaro zai zo a gajiye, hankalinsa na kan abokansa da ke wasa a titi, ya daure har ya cika shekara 13 a yi masa bikin balaga da ake kira bar mitzba, daga ranar kuma ya sallami malam. Da yawa sun fita suna iya rera Ibrananci ba su san ma'anarsa ba.

Wannan hali Rabbi Joseph Soloveitchik ya tarar da ya sauka Boston a 1932. Kakansa, Rabbi Chaim, yana cikin manyan malaman Volozhin lokacin da aka rufe ta. Shi kuwa jikan ya haɗa karatun gidansu da digirin digirgir a falsafa daga Jami'ar Berlin. A 1937 shi da matarsa Tonya, ita ma mai digirin digirgir, suka kafa makarantar yini a Boston, wadda yanzu take a garin Brookline da ke maƙwabtaka da Boston. Sunan da suka ba ta, Maimonides, sanarwa ce ta manufa: shi ne Musa bin Maimun, malamin shari'a kuma likita, haifaffen Kurɗuba, wanda ya rubuta yawancin littattafansa da Larabci, ya rasu a Masar a 1204. A shekarar 1937 ɗin dai Rabbi Joseph Lookstein ya buɗe makarantar Ramaz a New York. Yahudawan Amurka da yawa a lokacin ba su yi maraba ba, suna ganin ware yara a makaranta ta daban komawa ce cikin killacen da suka gudo daga gare shi.

Kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida ne ya sauya lissafin. Garuruwan da ke samar da malamai sun zama toka. A 1944 Rabbi Shraga Feivel Mendlowitz ya kafa ƙungiyar Torah Umesorah da burin ganin kowane gari mai jama'ar Yahudawa a Amurka ya samu makarantar yini.

To, yaya yini yake a makaranta irin Maimonides ko Ramaz? Da ibadar safe ake farawa. Yara maza suna sanye da ƙaramar hular nan ta tsakar kai, waɗanda suka balaga kuma suna ɗaura tefilin, ƙananan akwatunan fata biyu masu ɗauke da ayoyi, ɗaya a dantse ɗaya a goshi. Ranakun Litinin da Alhamis ana fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta, kuma sau da yawa ɗalibai ne ke jan ibadar su yi karatun, malamai na gefe suna gyara. Daga nan sai a raba yini gida biyu. Ɓangare ɗaya Attaura da sharhin Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, da littattafan annabawa, da shari'a, da harshen Ibrananci, da Talmud. Ɗaya ɓangaren Turanci da lissafi da kimiyya da tarihi, daidai da abin da ake koyarwa a kowace makarantar da ke shirya yara zuwa jami'a. Shi ya sa ɗan sakandare a nan kan kai ƙarfe biyar na yamma ko fiye bai tashi ba, alhali maƙwabcinsa na makarantar gwamnati ya daɗe da komawa gida.

Darasin Talmud ne zuciyar lamarin, kuma ya cancanci a duba shi da kyau. Shafin Talmud, a tsarin bugun birnin Vilna na shekarun 1880 da kusan kowa ke amfani da shi, yana da matani a tsakiya, sharhi da hashiya sun zagaye shi. Matanin kashi biyu ne: Mishna, gajerun hukunce-hukunce da Ibrananci waɗanda aka tattara wajen shekara ta 200, da Gemara, doguwar muhawarar malamai a kansu, galibi da Aramiyanci. Babu wasulla a bugun gargajiya, alamun tsayawa ma kaɗan ne. Yaro sai ya gano da kansa inda tambaya ta ƙare da inda amsa ta fara.

A makarantu da yawa, babin farko da ake ba ɗan shekara goma shi ne na tsintuwa. Mishna ta ce wanda ya tsinci kuɗi a warwatse a hanya nasa ne, amma idan a cikin jaka suke dole ya yi cigiya. Wanda ya tsinci burodin gidan burodi ya ci abinsa, domin duk kamarsu ɗaya, amma burodin da aka gasa a gida sai an yi cigiya, saboda mai shi zai iya faɗin alamarsa. Ƙa'idar ita ce: abin da ba shi da alama, mai shi ya riga ya fid da rai, kuma fid da ran ne ke halatta wa mai tsintuwa. Sai Gemara ta jefo tambaya: idan ka tsinci abin tun mai shi bai ma san ya faɗi ba fa? Bai fid da rai ba tukuna, amma da ya sani da zai fid. Malamai biyu na ƙasar Iraƙi ta yau, a ƙarni na huɗu, suka saɓa. Raba ya ce ya halatta. Abaye ya ce bai halatta ba. Daga nan sai a yi ta kawo hujja kan hujja, ana ture wannan ana kare wancan, kafin a tsayar da hukunci bisa ra'ayin Abaye.

Ba a zaune shiru ake karanta wannan ba. Ana haɗa ɗalibai biyu-biyu, tsarin da suke kira habruta, su fuskanci juna da littafi a tsakani, ɗaya ya karanta ya fassara, ɗayan ya ƙalubalance shi. Zauren karatu yakan cika da hayaniya, kuma haka ake so. Bayan sun yi iya yinsu sai malami ya tara su ya warware abin da ya cije. A ganina wannan ne mafi daraja cikin abin da makarantun nan ke bayarwa. Yaro ɗan shekara goma yana koyon cewa ra'ayin da aka kayar ba a goge shi daga littafi ba, an bar shi da sunan mai shi da hujjojinsa shekaru fiye da 1,500. Yana kuma koyon cewa tambaya mai kyau abin yabo ce a gaban malami, ba rashin ladabi ba. Sannan ga darasin kansa: sulen da ya gani a harabar makaranta yana da mai shi, kuma shari'a ta damu da wannan mutum.

'Yan mata fa? Shekaru aru-aru ba su da makaranta. Wata mai ɗinki a birnin Krakow na Poland, Sarah Schenirer, ita ta buɗe musu aji a 1917, ganin yadda 'yan matan gidajen addini ke zuwa makarantun gwamnati suna barin addinin. Daga ajin nata aka samu makarantun Bais Yaakov da suka bazu a duniya, waɗanda ke koya wa mata Attaura da shari'a amma galibi ban da Talmud. Soloveitchik ya wuce nan. A Maimonides maza da mata aji ɗaya suke zama, Talmud ɗaya suke karantawa, kuma a 1977 shi da kansa ya ba da darasin buɗe karatun Talmud a kwalejin mata ta Stern da ke New York. Har gobe akwai malamai masu ganin ya yi kuskure.

Amma wanda ya tsaya a kan jadawalin darussa kaɗai bai ga rabin aikin ba. Babban abin da makarantar yini ke yi shi ne ta mayar da kalandar yaro ta Yahudawa. A makarantar gwamnati shi ne baƙon, shi ke neman izinin fashi ranar idinsu, shi ke duba abincin da aka raba ko ya halatta gare shi. A nan kuwa ana rufe makaranta don bukukuwan kaka da Idin Ƙetarewa, ana kafa bukka a tsakar makaranta lokacin Idin Bukkoki, ana tashi da wuri ranar Juma'a a lokacin sanyi domin kowa ya isa gida kafin faɗuwar rana, lokacin da hutun Asabar ke shiga. Ɗakin girkin makaranta na bin dokar kosha: babu alade, yanka sai na shari'a, ba a haɗa nama da madara. Ƙananan yara kan koma gida ranar Juma'a da takardar tambayoyi kan sashen Attaura na wannan mako, a yi musu su a kan teburin cin abinci gaban baƙi. Ta haka uban da bai yi karatu mai zurfi ba shi ma yake shiga aji ba tare da ya ankara ba.

Akwai kuma batun unguwa. Masu kiyaye Asabar ba sa hawa mota a ranar, don haka dole su zauna inda za su taka da ƙafa zuwa wurin ibada. Sakamakon haka, abokin ajin yaro shi ne maƙwabcinsa, shi zai gani a wurin ibada, gidansu zai wuni ranar Asabar. Malaminsa na Talmud yana iya zama mutumin da ke zaune kusa da babansa a sahu. Idan aka yi rasuwa a gidan wani ɗalibi, 'yan ajinsu kan je gaisuwa cikin kwanaki bakwai na zaman makoki, iyaye kuma su raba kwanakin kai abinci. Ana ajiye asusun sadaka a aji, yara na jefa sulalla. Makarantun sakandare da dama suna wajabta wa ɗalibi wasu sa'o'i na hidimar jama'a, kamar ziyarar tsofaffi ko rabon abinci ga mabuƙata. Wannan kusanci yana da nauyinsa: yaron da ya bambanta da sauran, ko gidan da aure ya mutu, ko uban da ya kasa biyan kuɗi, ba su da inda za su ɓuya, domin idanun makaranta su ne idanun unguwa.

Mai karatu a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba zai ji wannan baƙon abu ba. Iyayen da suka gaji da tura yaro boko da safe, Islamiyya da yamma a gajiye, suka koma neman makarantar da ta haɗa hadda da karatun zamani, tambaya ɗaya suke amsawa da ta Hirsch. Bambancin shi ne, Bahaushe Musulmi yana zaune cikin rinjaye, kiran salla da watan azumi suna koya wa ɗansa addini ko makaranta ba ta yi ba. Yahudawan Amurka ba su wuce kimanin miliyan bakwai da rabi ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330, don haka abin da titi ba zai koya wa yaro ba dole makaranta ta ɗauka.

Tsoron narkewa cikin jama'a ba na banza ba ne. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa cikin Yahudawan Amurka da suka yi aure tsakanin 2010 da 2020, kashi 61 cikin ɗari sun auri wanda ba Bayahude ba, kuma idan aka cire masu riƙo da gargajiya adadin ya kai kashi 72. Masu goyon bayan makarantun yini suna nuna cewa ɗalibansu sun fi auren juna da riƙe ibada. Gaskiya ne, amma a yi hattara da hujjar: gidan da ya yarda ya kashe dubban daloli kan karatun addini dama gida ne mai riƙo, kuma da wuya a raba abin da makaranta ta shuka da abin da yaro ya sha a nono.

Kada kuma a ɗauka duk makarantun nan jirgi ɗaya ne. Kusan kashi biyu bisa uku na ɗaliban da aka ƙirga suna makarantun masu tsananin riƙo, waɗanda ake kira Haredi, kuma a can ne kusan duk ƙaruwar ta faru, musamman a Brooklyn da garin Lakewood na jihar New Jersey, inda iyalai ke da 'ya'ya da yawa. A wasu makarantun maza na 'yan Hasidi, wani ɓangare na Haredi, da Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, ake koyarwa, Turanci da lissafi ba su wuce sa'a ɗaya da rabi a ƙarshen yini ba, bayan shekara 13 ma a wasu wuraren sai a daina. Dokar jihar New York ta ce dole makarantar kuɗi ta ba da ilimin da ya yi daidai da na gwamnati. Wasu tsofaffin ɗalibai suka kai ƙara a 2015, kuma rahoton hukumar ilimi ta birnin na 2019 ya ce cikin makarantu 28 da aka bincika biyu ne kawai suka cika sharaɗin. Shugabannin makarantun suka ce gwamnati na yi musu shisshigi a addini, suna tuna Volozhin. Na fahimci tsoronsu, amma ban ga adalci ba a yaye saurayi ɗan shekara 18 a tsakiyar New York bai iya cike takardar neman aiki da Turanci ba. Ba shi ya zaɓi hakan ba, kuma shi zai ɗauki nauyin iyali da shi. Makarantar Soloveitchik ta riga ta nuna cewa ana iya riƙe biyun, ko da yake kowane ɓangare yana kukan sa'o'insa ba su isa ba.

Haka batun Isra'ila, wanda na san shi ne farkon abin da zai zo ran mai karatu. Makarantu irin Maimonides da Ramaz suna da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar: suna bikin ranar kafuwarta, suna koyar da Ibranancin zamani, ɗalibai da yawa kan yi shekara guda suna karatu a can kafin jami'a. Wasu daga cikin waɗanda suka fito daga irin makarantun nan sun fito fili suna sukar cewa ba a nuna musu tarihin Falasɗinawa yadda ya kamata ba. A ɗaya gefen, 'yan Hasidi na ɗariƙar Satmar, masu ɗaya daga cikin manyan jerin makarantu a New York, aƙidarsu ita ce bai halatta a kafa ƙasar Yahudawa ba kafin zuwan Almasihu. Duk inda makaranta ta tsaya a wannan batu, yaran cikinta yara ne. A watan Maris na 2012 wani ɗan bindiga ya kashe malami ɗaya da yara uku a makarantar Ozar Hatorah da ke Toulouse a Faransa. Masu gadi da kyamarori da ƙofofin ƙarfe yanzu sun zama wani layi a kasafin kuɗin kusan kowace makaranta.

Kuɗin kuwa shi ne abin da ke hana iyaye barci. Makaranta ɗaya tana biyan rukunin malamai biyu. Tsarin mulkin Amurka ya taƙaita tallafin gwamnati ga makarantun addini, don haka nauyin yana kan iyaye da masu ba da gudummawa. Gidan da ke da 'ya'ya huɗu, ko da mata da miji duk suna aiki mai tsoka, sai su tsinci kansu gaban kwamitin rangwame suna baje kolin albashinsu da bashinsu, gaban mutanen da watakila maƙwabtansu ne. Ana yawan jin ma'aurata na cewa kuɗin makaranta ne ya ƙayyade musu yawan haihuwa.

A Birtaniya gwamnati na ɗaukar nauyin makarantun addini da yawa, kuma yawancin yaran Yahudawan ƙasar yanzu a makarantun Yahudawa suke. Amma kuɗin gwamnati yana zuwa da dokar gwamnati. Makarantar Yahudawa ta JFS da ke Landan, wadda asalinta ya koma 1732, a da tana fifita yaran da Ofishin Babban Rabbi ya amince Yahudawa ne, wato wanda uwarsa Bayahudiya ce ta haihuwa ko ta shiga addinin ta hannun malaman gargajiya. Ta ƙi ba wani yaro gurbi saboda mahaifiyarsa ta shiga Yahudanci ta hannun wani ɓangare da ofishin bai yarda da shi ba, duk da cewa yaron a addinin ya tashi. A Disambar 2009 Kotun Ƙolin Birtaniya, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ce wannan ma'auni wariya ce bisa asalin ƙabila, ko da babu mugun nufi a ciki. Tun daga nan makarantun suka koma auna aiki maimakon jini: iyaye na cike takardar shaida, ana ba yaro maki kan zuwa wurin ibada sau kaza cikin watannin da aka ƙayyade, da karatun addinin da ya yi a baya, da hidimar da gidansu ke yi wa jama'a. Iyalan da a da ba sa leƙa wurin ibada sai sau biyu a shekara, yanzu sukan je ranar Asabar a rubuta sunan ɗansu a rajista kafin lokacin neman gurbi ya ƙure.